Kwanon Duna yana nan a bakin ƙofa

Uwar 'ya'ya uku:

Jama'a, barkanmu da warhaka. Yau kwana 11 ke nan da mutuwar karenmu Duna, wanda ya shekara 13 tare da mu, kuma har yanzu na kasa ɗauke kwanon ruwansa daga bakin ƙofar baya. Mun karɓo shi yana ɗan kwikwiyo watanni kaɗan kafin in haifi ɗana na fari, saboda haka babu ɗaya daga cikin yaran da ya taɓa sanin gidan babu shi. Ciwon ƙoda ne ya yi ajalinsa. Ya fara da yawan shan ruwa da yawan fitsari, ni kuwa na ɗauka tsufa ne kawai, sai da ya rame har ana iya ƙirga haƙarƙarinsa, bakinsa kuma ya soma wari, sannan muka kai shi asibitin dabbobi. Likita ta shaida mana cewa gwajin jinin da aka saba yi ba ya cika nuna wannan ciwo sai kusan kashi uku cikin huɗu na aikin ƙodar ya riga ya tafi. Safiya ce ta fi yi mini wuya, domin ƙarar faratansa a kan daɓe da bugun wutsiyarsa a jikin ƙofa su ne suke tashina, yanzu kuwa ina farkawa a daidai lokacin in ji shiru. Waɗanda suka taɓa shiga wannan hali, yaya kuka yi, kuma me kuka faɗa wa ƙananan yara?

Malamin makaranta mai ritaya:

'Yata, sannu da rashi. Nawa karen, Zaki, shekara 9 kacal ya yi, kuma ban yi mamaki ba, domin manyan karnuka sun fi ƙanana saurin tsufa. Ƙaramin kare yakan kai 15, amma irin su Zaki da wuya su wuce 10 ko 11. Ciwon gaɓɓai ya cinye masa ƙafafun baya, har ta kai ga sai na zura tawul ta ƙarƙashin cikinsa na ɗaga shi kafin ya iya miƙewa. Duk da haka, idan yamma ta yi ya ga na ɗauki igiya, sai ya ja jiki zuwa ƙofa yana kaɗa wutsiya, mu taka kaɗan, ya tsaya ya shinshina gindin wata bishiya kamar wanda yake karanta wasiƙa, sannan mu juyo.

Bayan ya mutu na yi kusan wata biyu ina fita a wannan lokaci da igiyar a aljihu, kuma sau da yawa nakan tsinci kaina tsaye a gindin bishiyar ina jira. Wani abokina da ya lura ya ce da ni, cikin raha, ai kare ne. Ban ji haushinsa ba, amma ban sake yi masa zancen ba. Masu iya magana sun ce sabo ake yi wa kuka, kuma sabo bai san bambancin mai ƙafa biyu da mai ƙafa huɗu ba. Mutanen Japan sun kafa wa karen nan Hachiko mutum-mutumi a tashar jirgin ƙasa ta Shibuya saboda ya ci gaba da zuwa tarar maigidansa tun daga mutuwar mutumin a 1925 har tasa mutuwar a 1935, kowa yana yaba amanarsa. Ban ga dalilin da zai sa a yi wa mutum dariya idan shi ne aka bari yana jira ba. Ki bar kwanon a inda yake har ranar da hannunki zai ɗauke shi da kansa.

Ɗalibi:

Ni abin da yake cina dabam ne, domin da hannuna na ajiye maganin ɓera a bayan kwali a ɗakin ajiya, karyarmu kuma ta ci. Kwana uku tana wasanta lafiya lau, sai a rana ta huɗu ta kwanta tana haki, dasashinta ya yi fari fat, kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa. Shekararta biyu. An yi shekara guda yanzu, amma ban iya kallon hotonta ba tukuna.

Ma'aikaciyar asibitin dabbobi:

Ƙanena, abin da ka bayyana shi ne ainihin yadda yawancin magungunan ɓera suke aiki: suna hana jini daskarewa, kuma alamun ba sa fitowa sai bayan kwana uku zuwa biyar, lokacin da jini ya fara zuba a cikin jiki. Babu wanda zai kalli kare yana tsalle ya gane haka. Na faɗa ne kuma domin masu karatu, saboda idan an san kare ya ci aka kawo shi nan take tare da kwalin maganin, bitamin K1 yana ceton da yawa daga cikinsu.

Yaya, game da yara, roƙona ɗaya shi ne kada a ce musu kare ya yi barci ko ya yi tafiya. Na yi wannan kuskure da 'yata tana da shekara 5, lokacin da cutar daji ta sa muka yanke shawarar yi wa karenmu allurar da za ta hutar da shi, kuma yarinyar ta yi makonni tana tsoron rufe ido da dare. Daga baya na zaunar da ita na ce jikinsa ya daina aiki, ba ya jin ciwo, ba zai dawo ba. Ta yi kuka sosai, amma a daren ta yi barci. Duk da cewa na sha riƙe karnukan mutane a irin wannan lokaci, ranar da nawa ne a kan tebur sai da abokiyar aikina ta karɓi allurar daga hannuna. Ana fara ba shi ta kwantar da jiki, sannan ta biyun ta tsayar da zuciya cikin 'yan mintoci, kuma idanunsa ba sa rufewa, abin da yake firgita wanda ba a gaya masa ba tun farko. Wanda zai binne karen da aka yi wa wannan allura ya zurfafa ramin ya kai kamar mita ɗaya, domin maganin yana zama a jikin gawar kuma yana iya kashe dabbar da ta tono ta ci.

Mai karnuka biyu:

Ni wanda ya rage ne ya ba ni tausayi. Tare suka tashi, kuma bayan mutuwar 'yar'uwarsa ya yi kusan sati biyu yana barin rabin abincinsa, yana kwana a kan tsummanta, yana bina har bakin banɗaki. Daga baya na ga wani bincike da aka yi a Italiya aka wallafa a 2022, inda aka tambayi mutum 426 da suka rasa kare ɗaya daga cikin karnukansu, kashi 86 cikin ɗari suka ce sun ga irin wannan sauyi a wanda ya rage. Ban wanke tsumman ba sai da shi da kansa ya koma wurin kwanansa.

Uwar 'ya'ya uku:

Na gode muku ƙwarai, musamman Baba da kuma Malama ta asibiti, domin ashe ni ma tafiya na ce wa autata Duna ya yi, shi ya sa kullum take cika kwanon da ruwa. Jiya da yamma na gaya mata gaskiya. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta tambaye ni ko tsuntsayen da suke sauka su sha a kwanon za su iya ci gaba da sha, na ce mata za su iya. Yau da safe ita ta riga ni fita, na tarar ta wanke shi ta sake cikawa.