Wutar da ke kashe mutum, ta yaya take zama magani?

Ɗan Bagalam: Assalamu alaikum. A daminar bana ƙanena ya kama ƙarfen firjin da muke sayar da ƙanƙara a ciki, ƙafarsa ba takalmi kuma simintin a jiƙe, sai wuta ta riƙe shi, ya kasa saki har sai da aka kashe ta daga wurin mita. Allah ya sa da sauran kwana, ƙuna kawai ya samu a tafin hannu. To, ina jin ana cewa likitoci da gangan suke sa wa majinyaci wuta a ƙirji ko a kai, shi ne nake neman masana su fahimtar da ni yadda abin yake.

Mai gyaran wuta, Zariya: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Wutar gidajenmu volt 220 ce, tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa guda, abin da ke sa naman hannu ya ƙanƙame ke nan. Busasshiyar fata tana tare ta gwargwado, amma jiƙaƙƙiya buɗe mata hanya take yi, kuma idan ta ratsa ƙirji, abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na ampiya (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) ba ya isa ya rikita zuciya. Kada a sake kunna firjin nan sai an haɗa masa wayar ƙasa.

Ma'aikaciyar jinya, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi: Ƙanena, bambancin yana ga awo da lokaci. Akwai halin da zuciya ke daina bugawa bisa tsari, ta koma karkarwa kawai ba ta tura jini, wanda wutar gida ma tana haddasa shi. Na'urar farfaɗo da zuciya tana sakin wuta sau ɗaya, cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, ta tsayar da karkarwar domin zuciyar ta kama bugunta na asali. Zuciyar da ta tsaya cik kuwa, wuta ba ta tayar da ita, sai dannar ƙirji da magani. Ku kai yaron a auna zuciyarsa, domin ƙunar wuta takan fi yawa a ciki.

Tsohon malamin makaranta: Abin ya daɗe, ɗana, domin Rumawa sun yi maganin ciwon kai da wani kifin teku mai wuta irin na minjirya. Ta kai da ka ambata kuwa, likitoci biyu ne, Ugo Cerletti da Lucio Bini, suka fara ta a birnin Rum a 1938. A yau sai an sa majinyaci barci an kuma ba shi maganin sassauta jiki, kuma masu matsanancin ciwon damuwa da magani ya gagara aka fi yi wa, ko da yake takan bar mantuwa na ɗan lokaci.

Ɗan Bagalam: Na gode ƙwarai, Baba. Hajiya, gobe da safe zan kai shi, in sha Allahu, firjin kuwa tun ɗazu na zare shi.