Da mi ake gane gwanin kiɗan fim?

Ɗan Mabera: Jama'a, mi ya sa finafinanmu ba su barin shiru? Jiya na kalli wani, uwa tana kukan ɗanta, fiyano na ta bugu har maganarta ba ta fita. Abin ya ɓata min rai ƙwarai.

'Yar Arkilla: Ƙanena, ni ido nake rufewa. In kiɗan ya gaya min tashin hankali na tafe, mai shi ya iya. Saurari A.R. Rahman, mai kiɗan finafinan Indiya da ya ci lambar yabo ta Oscar a 2009, wani wurin sarewa kaɗai yake sakawa, ka ji tsigar jikinka ta tashi.

Malamin Runjin Sambo: Hajiya, gaskiyarki. Amma a nemo masu goge da gurmi mana. Goge ɗaya a wurin rasuwa ya fi duk gangunan kwamfuta.

Ɗan Mabera: Malam, furodusan ne ba su son biya.