Gonar inabin Stellenbosch da rigimar sunsunawa

Baban Hanan: Salamu alaikum 'yan zaure. Raina a ɓace yake, shi ya sa na kawo maganar nan gabanku. Da aka rufe taronmu na masana ƙasar noma a garin Stellenbosch na Afirka ta Kudu, masu masaukinmu suka kwashe mu a bas zuwa wata gonar inabi a gindin dutsen Simonsberg. Na ɗauki hoto a tsakiyar gonar na ɗora. Kafin in koma masauki, wani ɗan'uwa da ba zan kama sunansa ba ya tura hoton har wajen surukina, wai a zo a ga abin da boko ya mayar da ni. Yanzun nan Maman Hanan ta kira ni tana kuka.

To ni magana ɗaya nake da ita: duk manomin Arewa da ya zo Afirka ta Kudu ya ƙi shiga gonakin nan, ya tafka asara. Mutanen nan damina a lokacin sanyinsu take zuwa, wajen Yuni zuwa Agusta. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa, lokacin da inabi ke nuna, zafi ne da fari. Duk da haka gonar shar take. Siririn tiyo ne ke bin kowane layi yana ɗiga ruwa a gindin itacen kaɗai. Tsakanin layuka su shuka hatsi irin na dabbobi, in ya bushe su kwantar da shi ya rufe ƙasa don kada rana ta shanye laima. Da irin wannan tattali suka ratsa farin da ya kusa kafar da famfunan Cape Town a 2018. Tsinka kuma tun da asuba ake farawa, don 'ya'yan su isa wurin matsa da sauran sanyinsu.

Daga ƙarshe aka kai mu ɗakin ɗanɗano. Aka jera wa masu sha kofunan gilashi, a zuba ɗan kaɗan, mutum ya juya kofin, ya kai hanci, ya kurɓa, ya tofar a wani ɗan bokiti. Ni ruwan inabi mara tsimi aka ba ni, da cuku. Da matar da ke bayani ta miƙo kofin wata jar giyar can mai suna Pinotage ta ce kowa ya ji ƙamshinsa, sunsunawa kawai na yi na ajiye. Ku gaya mini, ina laifina?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Dakta, tsaya tukuna. Me ka ce ka yi?

Baban Hanan: Na ce ban sha ba, Allah gafarta Malam.

Malam Habu: A'a, ba wannan ba. Ka ce ka sunsuna. Ke nan ka miƙa hannu, ka karɓi kofin, ka ɗaga shi har hancinka. Allah bai ce kada ku sha kaɗai ba, a Suratul Ma'ida aya ta 90 cewa ya yi ku nisance ta. Tsakanin hanci da baki kuwa yatsa nawa ne?

Maman Walid: Kai Malam, wannan lissafi naka 😂

Injiniya: Ni tambayata ta ilimi ce. In mutum ya sunsuna, ai tururin ya shiga huhu. Wanda ya daɗe a gidan mai ba ya jin jiri? To ya shiga jikinsa ke nan.

Baban Hanan: Injiniya, in haka ne kai ma ka sha fetur.

Bulus: Ku yi haƙuri in sa baki, ba a kan hukuncinku ba. Shi ɗanɗanon nan ai rabinsa aikin hanci ne, shi ya sa ake juya kofin don ƙamshin ya tashi. Masu yin sa a matsayin sana'a tofarwa suke yi, in ba haka ba kafin azahar sai an ɗauke su ranga-ranga. Musamman jar giyar wuri mai zafi irin can, inda rana ke sa inabi ya tara sukari da yawa, yis ya cinye sukarin ya mayar da shi abin bugarwa. Sai ka ga ƙarfinta ya kai kashi 14 cikin ɗari, alhali giyar kwalba da aka saba gani a nan wajen kashi 5 ce.

Malam Habu: Madalla, Bulus. Kun ji shaida daga bakin wanda ya sani. Rabinsa aikin hanci ne. Ke nan Dakta ya yi rabi.

Bulus: Haba Malam, ba haka nake nufi ba. Kuma me kake nufi da "wanda ya sani"? Ni ban taɓa kai ta bakina ba, cocinmu ma ba a yarda da ita ba.

Malam Habu: Ban ce ka sha ba.

Bulus: Amma kowa ya ji abin da ka ce.

Maman Walid: Ni dai abin da ya dame ni, Yaya, me ya kai ka ɗora hoton? Kai da ka san halin mutanenmu. Kuma ka bar baiwar Allah da kuka.

Baban Hanan: Hajiya, hoton ganye ne da duwatsu. Ko kwalba babu a ciki. Don Allah mu koma kan maganar ban-ruwan nan, ita ce ta kawo ni.

Malam Habu: Akwai hadisin da ya hana mai imani zama a teburin da ake zagayawa da giya, yana cikin Tirmizi. Akwai kuma wanda aka la'anci mutum goma a kanta, har da mai matsa ta da mai ɗaukar ta. Ban ce kana cikinsu ba, amma ka ɗauki kofin ko ba ka ɗauka ba?

Injiniya: Ɗauka a nan ai dako ake nufi, Malam, ba ɗaga kofi ba.

Malam Habu: Wane malami ne ya ce maka haka?

Injiniya: Na ji a wani karatu.

Malam Habu: Na wa?

Injiniya: Zan nemo maka.

Ɗan Kudan: Ku tsaya. Ni manomin inabi ne, ku zo Kudan kusa da Zariya ku gani da idonku. Kada a je a ɓata wa inabi suna a banza. Namu na ci ne, ba na matsa ba. Nasu na giya ƙanana ne masu kaurin ɓawo da ƙwallo, ba wanda zai saye su a bakin titi. Dakta, tiyon da ka gani, tazarar ramukan nawa ce? Kuma suna tace ruwan kafin ya shiga? Mu toshewa ce ke kashe mu.

Baban Hanan: Yauwa, ga mai magana! Suna tacewa, akwai matata a bakin famfon, bari in duba hotunana in turo maka.

Muridi: Dakta, kafin nan. Tunda ka je yankin, ka ziyarci makwancin Shehu Yusuf na Makassar? Ai ba nisa daga inda kake. Turawan Holan ne suka koro shi daga can gabas suka ajiye shi a gonar Zandvliet a 1694, ya rasu a 1699. A bakin gonar inabin Klein Constantia ma akwai hubbaren Shehu Abdurrahman Matebe Shah. Masu cewa Musulmi ba ya taka gonar inabi, ga waliyyi kwance a cikin guda. Da can ka je ka ɗauki hoton, da ba wanda ya isa ya yi magana.

Malam Habu: Inna lillahi. Daga sunsunar giya sai ziyarar kabari. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Muridi: Ziyarar kabari sunna ce, Malam. Ku ne kuka mayar da komai shirka.

Malam Habu: Ziyara daban, ɗaura kaya a yi tafiya don hubbare daban. Ka san hadisin masallatai uku.

Muridi: Ai shi ba don hubbaren ya ɗaura kaya ba, taro ya je. Ka ga hujjarka ta faɗi.

Malam Habu: Ku fara gyara salla tukuna.

Muridi: Mu da muka koya wa kakanninku alwala?

Maman Walid: To fa. An fara. Shugaba kana ina?

Bulus: Tunda an taɓo tarihi, ni abin da ya fi ci mini rai a gonakin nan ba ƙamshi ba ne. Wa ya dasa su? Baturen Holan Jan van Riebeeck ya matse inabin farko a 1659, Simon van der Stel ya kafa Stellenbosch a 1679, ya kafa gonar Constantia a 1685, Faransawa masu gudun tsangwamar addini suka zo a 1688 aka ba su kwarin Franschhoek. Sunayen da ake karanta wa baƙi ke nan. Amma bayi ne suka yi aikin, waɗanda aka kwaso daga Madagaska da Mozambik da Indiya da tsibiran Indunusiya. Da aka soke bauta a 1834, sai aka ci gaba da biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya, a ɗebo a gwangwani a ba mutum safe da rana da yamma. Doka ta hana tun tuni, amma an daɗe ana yi a ɓoye, kuma har yau yankin na cikin wuraren da aka fi haihuwar yaran da giya ta nakasa tun suna ciki. Dakta, matar da ke bayani ta faɗa muku wannan?

Baban Hanan: Ta ambaci bayi a gurguje, a gaban wata tsohuwar ƙararrawa da ake kaɗa musu ta fita aiki. Ta fi daɗewa a kan Pinotage, cewa wani farfesa Abraham Perold ne ya aura irin inabin Pinot noir da na Cinsaut a 1925 ya samar da shi. Amma na lura da abu ɗaya: masu tsinka a rana duk baƙaƙe ne da ruwa-biyu, masu juya kofi a inuwa kuwa yawanci Turawa.

Malam Habu: Da kai.

Baban Hanan: Malam, ka ƙyale ni haka nan.

Injiniya: Ni ban ma ga dalilin kai wa mutanen nan kuɗinmu ba. Kun manta 2019 da aka ƙona shagunan 'yan Najeriya a Johannesburg har sai da aka tura jirgi ya kwaso mutane?

Maman Walid: Johannesburg ina, Cape Town ina? Tafiyar awa biyu ce a jirgi.

Injiniya: Ƙasa ɗaya ce dai.

Bulus: Kuma in ana maganar nisantar giya, Hisbah na fasa kwalabe a Kano, amma harajin VAT da ake karɓa a kan giya a Legas, in an zo rabo a Abuja ba jihar da ke cewa a cire mata nata kason.

Malam Habu: Na san nan za ka. Kullum nan kuke zuwa. Albasa da tumatir da shanun da muke tura muku fa?

Bulus: "Muku" su wa? Ni ɗan Filato ne, tumatirin ma daga wajenmu yake tashi.

Ɗan Kudan: Dakta, hoton matatar fa?

Muridi: Malam bai amsa maganar alwala ba.

Injiniya: Mu koma kan asalin magana. In mutum na azumi ya sunsuna turare da gangan, ai Malikiyya sun yi magana. To ina ga giya?

Baban Hanan: Ba asalin magana ba ke nan! Kuma ba azumi nake ba!

Maman Walid: Turaren wuta suka ce, mai hayaƙi. Haka na ji a islamiyya.

Malam Habu: Ko ma dai mene ne, ita najasa ce a wajen jumhur. Dakta, ka wanke hannu kafin ka yi la'asar?

Baban Hanan: Gindin kofin na riƙe, bai taɓa ni ba.

Malam Habu: Ashe har riƙon ma ka iya.

*Baban Hanan ya fita daga zauren.*

Shugaban Zaure: Jama'a, ina wajen ɗaurin aure, na dawo na tarar da saƙo rututu. Ga abin da na fahimta, daga nan a rufe. Kowa ya yarda Dakta ya yi kuskure da ya kai kofin hancinsa, kuma Malam Habu ya kawo aya da hadisi, ba wanda ya iya ture su. Wasu sun so karkatar da mu zuwa ga kaburbura, Allah ya shirye su. Maganar VAT siyasa ce, dokar zaure ta hana, Bulus a kiyaye. Batun tarihin bayi mun gode, amma ba shi aka tambaya ba. Shi kuma ɗan'uwan da ya tura hoton, nasiha ya yi niyya, kada a zarge shi. Zan dawo da Dakta in ya huce.

Muridi: Wane "kowa"? Ni ban yarda ba, Hajiya ba ta yarda ba. Shugaba, ka dai karanta na mutumin masallacinku ka tsallake saura.

Maman Walid: Kuma Shugaba, ya aka yi ka san niyyar wanda ya tura hoton? Yaya bai faɗi sunansa ba fa.

Shugaban Zaure: Na ce an rufe.

Ɗan Kudan: Wanda ke da lambar Dakta ta can ya turo mini ta bayan fage. Zan sayi tiyo ranar Laraba, ina so in san tazarar ramukan kafin in biya.