Kafin ka biya kuɗin jirgin ruwan da aka yi wa injinsa garambawul

Tambayar da aka tattauna ita ce me mai saye zai duba kafin ya sayi ƙaramin jirgin ruwa mai gudu na hannu, mai injin MerCruiser 5.7 (injin fetur mai silinda takwas), irin wanda ya cika tafkunan Amurka, mai shi kuma ya ce an sake haɗa injin. Duk masu ba da amsa sun fara da magana ɗaya: a nemi rasit. Wane gareji ya yi aikin, me aka canza? In babu takarda, a ɗauke shi tsohon inji, a taya a haka.

Inda aka fi daɗewa shi ne kan salansa, wato bututun hayaƙi, kuma da gaskiyarsu. A jirgi ruwa ne ke sanyaya bututun hayaƙi, tsatsa na cin sa daga ciki, musamman a ruwan gishiri. Da ya huje, ruwa ya gangara cikin silinda, sabon inji ya tashi aiki. Wasu masu sayarwa sukan mayar da tsohon bututun kan injin da aka gyara, fenti kawai suke fesa masa. A duba zanen tsatsa a mahaɗarsa. A ɗora hannu a gwiwar bututun inji na aiki: ɗumi ba laifi, amma in ya ƙona tafi, hanyar ruwan ta toshe.

A zaro sandar baƙin mai. In ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. A kwance fulogi a auna matsin silindoji takwas ɗin, kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100.

Wani makanike ya ƙara da cewa a tabbatar ba kik ɗin mota aka ɗaura ba, don tartsatsinsa na iya kunna tururin fetur. Gwaji kuma a kan ruwa za a yi shi, a buɗe masa wuta sosai, ido na kan agogon zafi.