Neman kalma: ƙaramin jirgin yaƙin nan da ake tuƙawa daga ƙasa

Mai Shirin Safe:
Salamu alaikum jama'a, a taimaka. Gobe ƙarfe takwas zan gabatar da shiri kan darasin da sojojinmu za su ɗauka daga yaƙin Yukren, kuma kalmar drone ta tsaya mini a wuya. Mun saba cewa jirgi mara matuƙi, to amma a rubutuna iri uku ne. Akwai babba irin Bayraktar TB2 na Turkiyya, wanda Azabaijan ta ragargaji tankokin Armeniya da shi a yaƙin kwana 44 na 2020, ya kai hari ya dawo gida. Akwai Shahed-136 na Iran da Rasha ke turawa biranen Yukren, shi kansa ne bam ɗin. Sai ɗan ƙaramin mai farfela huɗu, bai fi faranti ba, soja na cikin rami ya sa tabarau yana ganin abin da kyamarar ke gani, ya bi tanka da shi har ya faɗa mata. Wannan na ukun nake nema wa suna.

Ɗan Kakuri:
Na biyun ai an gama da shi, jirgin ƙunar baƙin wake. Na ukun ka ce kurman jirgi, na sha ji a labarai.

Malamar Sakandare:
Kurma ba ya ji. Wannan kuwa jin umarni ne duk aikinsa, ranar da ya kurumce ya tashi daga aiki. Ban yarda da kurman jirgi ba.

Malam Na Tudun Wada:
Zirnaƙo. Na daɗe da ajiye wannan kalma. Ƙarami ne, yana ƙugi, yana harbi, yana bin mutum har cikin ɗaki. Jam'i zirnaƙai. Mu daina jawo jimla guda muna kiranta suna. Kuma ɗana, don Allah kada ka furta kalmar Turancin nan a iska, shi ke kashe mana harshe.

Ɗan Kakuri:
Malam, to soja fa? Kofur, saje, samanja, hafsa, duk daga bakin Bature muka karɓa. Bindiga ma daga Larabci ta zo. Makanikan Panteka "diron" suke cewa, masu ɗaukar hoton biki ma haka. Kalmar ta riga ta shiga gari.

Malam Na Tudun Wada:
Don kakanni sun ci bashi ba shi ne za mu mutu da bashi ba. Waɗanda suka riƙe Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya tun 1939 zama suke yi su tace kalma kafin su buga. Yanzu kowa ya ji abu a Facebook sai ya kwaso. Hausar Kaduna ta zama gwanjo.

Malamar Sakandare:
A'a Malam, ku yi haƙuri, wannan bai dace ba. Shekara nawa Arewa gaba ɗaya, har Nijar da Gana, suna kama rediyon Kaduna su ji Hausa? Kuma tunda ana maganar alfahari, a nan garin aka ƙaddamar da jirgi mara matuƙi da rundunar sojin sama ta ƙera a 2013, aka sa masa Gulma. A 2018 aka ƙaddamar da wani, Tsaigumi. Sojoji ma sun san inda za su nemo suna.

Malam Na Tudun Wada:
Tsegumi ake rubutawa, Malama. Kin ga abin da nake faɗa.

Tsohon Samanja:
Ku bar faɗan gari, yaron nan yana da aiki gobe. Ni abin da ya dame ni kalmar "mara matuƙi" ce, ba a ƙaramin kaɗai ba, a dukkansu. Yana da matuƙi, a ƙasa yake zaune. In ka ce babu matuƙi, mai saurare zai ɗauka abin saye ne kawai, a ware kuɗi a kawo kwantena, shi ke nan an zamanantar da soja. Darasin Yukren ba haka yake ba. Sai da suka kafa runduna sukutum ta wannan aiki a 2024, saboda jirgin arha ne, hannun da ke tuƙa shi ne mai tsada. Kuma abin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Abokan gaba suka riƙa toshe siginar rediyon, jirage na faɗowa kamar fari, sai aka koma ɗaura musu zaren gilashi siriri kamar gashi, mai tsawon kilomitoci, yana warwarewa a baya, babu abin da za a toshe. Wanda ya sayi na bana, baɗi ya tsufa. In babu yaranmu masu gyara shi da sauya shi a nan gida, a DICON, masana'antar ƙera makaman soja ta Najeriya, ko a makarantar sojin sama, kullum muna baya.

Abu na biyu ya fi min nauyi. Tudun Biri nan take a Igabi, ba nisa. Daren 3 ga Disamba 2023 wani jirgin soja da ake tuƙawa daga ƙasa ya saki bam kan masu Mauludi, hukuma ta ce mutum 85, kuma rundunar ta amsa cewa kuskure ne. Wani ne ya kalli allo ya yanke hukunci. Duk sunan da zai ɓoye wannan mutumin, ba na so.

Mai Shirin Safe:
Baba Samanja, wallahi kun juya min shirin gaba ɗaya. To me za mu ce?

Tsohon Samanja:
Jirgi mai matuƙi a ƙasa. Ƙaramin kuma jirgin hannu, tunda a tafin hannu ake ɗaukarsa, kamar yadda muke cewa wayar hannu.

Malamar Sakandare:
Jirgin hannu ya zauna a baki. Jiragen hannu, matuƙin jirgin hannu, duk suna tafiya. Sai dai kada a rikita shi da na wasan yara. A farkon shiri ka ce jirgin hannu mai ɗauke da bam, daga nan ka gajarta.

Malam Na Tudun Wada:
Jirgin hannu bayani ne, ba suna ba. Ba ya tsorata kowa. Mutanen Yukren da kansu sun laƙaba wa Shahed sunan ƙaramin babur saboda ƙarar injinsa, daga kunne suna ke fitowa. Zirnaƙo na da ƙara, yana da dafi. Ku gwada faɗa: zirnaƙai sun far wa ayarin tankoki.

Ɗan Kakuri:
Gaskiya jimlar ta yi daɗi. Amma tsohuwa a Rigasa za ta ɗauka ƙwari ne suka cije su.

Mai Shirin Safe:
Dare ya yi, ga inda na tsaya. Babban zan bar shi jirgi mara matuƙi a ambaton farko, don shi kunne ya sani, nan take in bayyana cewa matuƙin na ƙasa, kuma zan yi wa baƙona tambaya a kan Tudun Biri. Ƙaramin, jirgin hannu. Zirnaƙo zan faɗa sau ɗaya a matsayin kwatance, in ji abin da masu bugo waya za su ce.

Malam Na Tudun Wada:
Sau ɗaya ya yi kaɗan, amma ka faɗe shi da ƙ mai lanƙwasa. Zan kunna rediyo.