In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari: ta shiga nan kuwa?

Malam Na-Zariya: Salamu alaikum. Jiya mun yi sa-in-sa da wani abokin aikina a kan The Crucible, wasan kwaikwayon da Arthur Miller ya rubuta a 1953 kan shari'ar mayu da aka yi a garin Salem na Amurka a 1692. Na ce Abigail, wata budurwa a wasan, ita ce kanwa uwar gami, ita ta ja 'yan mata suna faɗuwa a kotu suna kiran sunayen bayin Allah. Sai ya ce min in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, wai John Proctor da ya neme ta tana aikatau a gidansa shi ya fara. Maganar ta tsaya min a rai. Jama'a, ta shiga nan?

Maman Hanifa: Ta shiga mana, Malam. Magidanci da iyalinsa ya ɓata yarinya 'yar shekara 17, matarsa ta kore ta, sannan a ce ita kaɗai ce mai laifi?

Ɗan Maraɗi: To Rebecca Nurse fa, tsohuwar da duk gari ya shaida ta, wane wari ta yi aka rataye ta? Ni shi ya sa ban son wannan magana. Da ita ake wanke ɓarawo a shafa wa wanda aka cuta.

Baban Sadiƙu: A'a, ba wanke ɓarawo take yi ba. Cewa take duk inda aka yi ɓarna a duba gida. Faɗan Parris, limamin cocin Salem, da mutanen garinsa a kan itacen girki da albashi, attajirin garin Putnam da kwaɗayin gonar maƙwabci, ai warin ke nan.

Inna Gambo: Ku tsaya ku ji, don maganar gona ta taɓo ni. Kakata, Allah ya jiƙanta, ta ba mu labarin wata gwauruwa a ƙauyensu, mijinta ya rasu ya bar mata fadama. Ɗan ƙanin mijin ya kwanta zazzaɓi yana sambatu, sai wata ta sunkuya ta tambaye shi ko Baba wance yake gani. Yaro a cikin zafin ciwo ya ce e. Shi ke nan, wai ta kama kurwarsa. Aka jawo ta tsakar gida aka ce sai ta tsallaka shi. Ta ce ita ba mayya ba ce, ba za ta tsallaka ba. Aka ce kun gani, ta ƙi saki. Da duka ya yi yawa ta tsallaka, aka ce kun gani, ta amsa. Kakata ta ce tana yarinya a lokacin, da idonta ta ga matar na kuka tana kiran Allah. Yaron ya warke, aka ce don ta saki ne. Ba wanda ya ƙara sayen ƙosanta, ko rijiya ta je mata sai su watse. Kafin damina ta tattara ta koma garinsu, ƙanin mijin ya noma fadamar. Har kakata ta rasu in ta tuna sai ta yi istigfari, wai ita ma ta yi jifa tare da yara.

Maman Hanifa: Innalillahi. Inna, kin sa ni hawaye.

Malam Na-Zariya: Haka kotun Salem ta kasance, Inna. Wanda ya amsa maita ya ambaci wasu ya tsira da ransa, wanda ya ƙi a rataye shi. Mutum 19 aka rataye. Wani tsohon manomi, Giles Corey, da aka tuhume shi da maita ya ƙi cewa e ko a'a, aka yi ta ɗora masa duwatsu har ya cika. A wasan, ya yi shirun ne don kada a ƙwace wa 'ya'yansa gona.

Sarkin Shayi: Wannan ai dokar wasu jam'iyyu ce. Ka sauya sheƙa ka ambaci tsofaffin abokanka, gobe fayil ɗinka ya ɓace.

Ɗan Maraɗi: Namu na nan ma da an ce ina kuɗin rijiya sai su ce maƙiya ne suka yi musu asiri.

Sarkin Shayi: Waɗannan ɓerayen ko daddawa ba ta wari sai sun buɗe tukunya su duba!

Baban Sadiƙu: Ku bar wasa, siyasar ce ma asalin rubutun. Zamanin Sanata McCarthy ne, ana farautar 'yan gurguzu a Amurka. Shi kansa Miller kwamitin majalisa ya kira shi a 1956 ya ambaci sunaye, ya ƙi.

Maman Hanifa: Ni 'yar tsanar nan ce ke damuna. Mary Warren, mai aikatau a gidan Proctor, ta ɗinka ta a zaune a kotu, ta soke allura a cikinta don ajiya, ta ba matar Proctor kyauta. Abigail ta gani, ta soka wa kanta allura, ta ce matar ce ta yi mata maita, aka zo aka ga allura a cikin 'yar tsanar, aka tafi da matar. A nan wace ce daddawar, matar ko 'yar tsanar?

Ɗan Maraɗi: Ba ko ɗaya. Da ni ne sai in ce ana zaton wuta a maƙera ta tashi a masaƙa, tunda a gidan limamin cocin abin ya fara.

Malam Na-Zariya: Amma Proctor ya tona asirin kansa a gaban alƙalai, daga baya ya yaga takardar amsa laifin don kada a liƙa sunansa a ƙofar coci. Mai wari yana yin haka?

Maman Hanifa: Yana yi, in ya tuba. Tuban bai mayar wa yarinyar abin da ya karɓa ba.

Sarkin Shayi: Inna Gambo, shi ƙanin mijin ya ya ƙare da fadamar?

Inna Gambo: Jikokinsa ke noma ta, ɗana. Shinkafa suke sakawa.