Auna danshin ƙasa da yawan saiwa a gonakin albasa na Tahoua

Abin da masana suka fi nanatawa wajen auna danshin ƙasa shi ne a tsince saiwa daga ƙasar kafin awo. Ɗanyar saiwa cike take da ruwa, in ta hau sikeli sai lissafin danshi ya zarce gaskiya.

A kafa bututun ƙarfe, a ɗebo ƙasa har zurfin santimita 30, tunda saiwar albasar Galmi ba ta nisa. A ƙulle a leda nan take, iskar hunturu ba ta jira. A auna, a busar awa 24 a zafin digiri 105 na ma'aunin Celsius, a sake aunawa. Bambancin awon farko da na biyu a raba shi da nauyin busasshiyar ƙasa, shi ne danshin.

Saiwa kuwa a wanke ta kan rariyar rabin milimita, don mai manyan idanu kan zubar da ƙananan. A busar a digiri 65, a raba nauyinta da girman cikin bututun.